Gaisuwar da Aka Ce Ta Yi Yawa

Daga Fatakwal, zuwa ga ƙanena Malam Sammani, Kambarawa, Katsina.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Sabuwa da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ma lafiya lau, sai dai aiki ya sauya. Shekara ashirin da bakwai nake rubuta wasiƙun da kamfanin nan ke aika wa dillalan hatsi na Arewa, domin na san yadda ake gaida babban mutum. Yanzu an kawo manhajar da ke rubutawa kafin ƙiftawar ido. Sau biyu na halarci horo a kanta, na cika littafi da bayanai, amma hannuna ya ƙi bi. Jiya sabon manaja, sa'an ɗana Abbas, ya ce mini cikin ladabi, "Baba, gaisuwarka ta yi yawa, ba mai karanta ta." Ƙarshen wata za su yanke shawara a kaina, kuma na san ta.

Kada ka gaya wa Inna tukuna. Ka sa a share mini ɗakin soro. In za ka amsa, ka tsawaita gaisuwa, ni ina karanta ta.

Yayanka,
Iro Sada