Benen da Ya Ƙi Motsi

'Yata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Da hannuna na rubuta wannan. Malamar ajinmu na manya ta ce in riƙa rubutu kada hannu ya manta, saboda haka kada ki buga waya, ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsa.

Kawunki ya ce ya biya ofishinku ya tarar kin zabga tagumi a gaban kwamfuta, abinci ya huce a gefe, kina ta maganar girgizar ƙasa. Wace ƙasar ce za ta girgiza? In taku ce ki tattaro ki dawo. Ɗakinki na nan, keken ɗinki kawai zan fitar.

Innarki

Inna,

Ina gaisuwa. Ki bar keke inda yake, ƙasarmu lafiya lau. Ni ce nake girgiza ta a cikin kwamfuta. Benen asibiti aka ba ni, aikin farko da na riƙe ni kaɗai. Mukan zana gini a manhaja mu jijjiga shi, mu ga ko ginshiƙansa za su jure. To nawa ko gezau bai yi ba, lissafi ya ce ƙarfin girgizar sifili ne. Ba ginin da ke haka, akwai abin da na shigar ba daidai ba. Oga ya ce in ban gano ba kafin zaman Litinin, wani zai karɓi aikin.

'Yarki

'Yata,

Bayan gaisuwa, ni ban gane ba. Gini ya tsaya ƙyam, ke kuma kina kuka? Amma tunda kin ce matsala ce, na yarda. Ban san kwamfuta ba. Ni dai in karatu ya ɓace mini, yatsa nake sa wa ƙarƙashin kowace kalma in karanta da ƙarfi. Kin sha yi mini dariya, na sani. Ki gwada, ba wanda zai mutu.

Innarki

Inna ta kaina,

Na gwada! Na ɗora yatsa a allon kwamfuta ina karantawa da ƙarfi, abokan aiki suna ta tsokanata: "'Yar aji ɗaya, a kawo miki alli?" Sai na ji bakina ya ce, "Nauyin da girgiza za ta yi aiki da shi, babu." Ashe na shigar da nauyin daɓen kowane hawa da bango da tankin ruwan sama, amma ban zaɓe su a gurbin lissafin girgiza na manhajar ba. Kamar inuwar gini nake ta jijjigawa. Na gyara, yanzu benena yana rangaji yadda ya kamata, har ya nuna ginshiƙan da za a ƙara wa kauri. Oga ya ce in ci gaba da abina. Ɗaya daga cikin masu tsokanar tawa ma na gan shi ɗazu da yatsa a allonsa.

'Yarki

'Yata,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa 'yan ajinmu wasiƙarki, ba inda na tsaya. Sai dai ban taɓa jin wanda ya yi murna don gininsa yana rawa ba. Allah ya sa kada in kwanta a asibitin nan. In kuma ta kama, ki ce a ba ni gado a ƙasa, kusa da ƙofa.

Ki goge shatin yatsanki a allon, ki ci abinci.

Innarki