Bijimin Mamman Ya Narke a Kasuwa

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna? Mu nan Yekuwa lafiya lau.

Ƙanenka Mamman ya koyo sana'ar banza wajen matar kumandan, Baturen mulki, a Magariya: yana narka kakin zuma da shuni ya shafa a allo, wai zane. Daminar nan ko hauya bai taɓa ba. Ya zana bijimin Baba, ya kafa shi cikin rana a kasuwar Waca yana hura hanci. Kafin azahar bijimin ya narke, sai ƙahoni.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida Hajo. Rumbunsa wayam, ni kuwa ba zan ciyar da shi ba. Ya ci kakin.

Ƙanwarka Ladi