Hoton Karkanda a Gindin Kuka

Maun, 6 ga Agusta

Zuwa ga mahaifiyata, mamallakiya kuma shugabar masaukin baƙi,

Ni ne ɗanki Onkabetse, mai digiri a fannin tattalin yawon buɗe ido, kuma tsohon sakataren ƙungiyar muhawara ta jami'a. Maƙasudin wannan takarda shi ne neman bahasi a kan korar da aka yi mini daga masauki ranar Litinin. Amma kafin nan, ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Yaya ƙafar taki? Yaya baƙi, yaya Mma Ditiro da matan sintirinta? Kawu da iyalinsa duk lafiya, suna gaishe ki.

Mma, shekara goma sha ɗaya kina tafiyar da masaukin nan da mata zalla, daga direbobi har masu gadin daji, kuma ban raina ƙoƙarinki ba. Sai dai zamani ya yi gaba. Attajirin da zai taso daga wata nahiya ya kwana a tantinki na alfarma, a waya yake fara ganin abin da zai zo dominsa. Bisa wannan hujja ta ilimi na ɗauki hoton karkandarmu da ɗanta a gindin kukar nan da tsawa ta tsaga, na sa a shafin masauki. Cikin kwana biyu mutum dubu tara suka gani. Tukwicin da na samu shi ne aka goge hoton, aka ɗora ni a bayan motar kaya tsakanin tukwanen gas, a gaban ma'aikata.

Ba a taɓa sanar da ni cewa akwai dokar da ta hana hakan ba. Ina jiran bayani.

Ɗanki mai biyayya,
Onkabetse

Maun, 15 ga Agusta

Mma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarki. Ban samu amsarki ba, kuma yanzu na fahimci dalili.

Jiya direbarki Kedibonye ta shigo gari sayen taya, ta biyo gidan Kawu ta same ni da kwanon dakakken naman seswaa a gaba. Ko zama ba ta yi ba ta ce, “Sannu da hutawa, Rra Digiri. Kana nan kana kwasar seswaa, mu kuwa kwana tara ba mu cire takalmi ba.” Na nemi ta yi magana cikin tsari. Ta ce, “Tsari kake so? To ga shi. Sawun maza uku muka gani, taku ɗari daga kukarka. Har guntun sigarinsu suka bar mana tsaraba.”

Ita ta gaya mini sauran. Ta ce matan sintiri sun yi ta bin karkandar da ƙafa har ƙafar biyu daga cikinsu ta kumbura, kuma ranar Asabar kika kira likitan dabbobi. Aka harbe ta da allurar barci, aka yanke ƙahonta da zarto mai inji don kada mafarauta su kashe ta saboda shi, ɗanta yana kewaye motoci yana kuka. Ta ce ke kika riƙe ƙyallen da aka rufe mata ido da shi har aka gama.

Mma, na san abin da wannan yake nufi a wurinki. Ina aji uku na sakandare kika tsaya a gaban dattawa a kgotla, dandalin taron gari, kika ce matanki za su tsare dabbar nan da ƙahonta a kanta, maza suna dariya. Shekara da shekaru kina cika wannan magana, ni na rushe ta da yatsa ɗaya.

Akwai kuskure a takardata ta farko, kuma sunansa na gaskiya ƙarya. An sanar da ni. Ranar da na iso, Mma Ditiro ta zaunar da ni a rumfar motoci ta ce, “Ɗana, a nan ba a faɗin inda karkanda take. Ba a oba-oba ba, ba a waya ba, ko saurayina ne ya tambaya.” Matan suka yi dariya, domin ta ba sittin baya. Ni kuwa na tambaye ta a wane littafi ta karanta hakan. Ta dube ni ta ce, “A jikin gawar karkanda huɗu.” Na ɗauki maganar a matsayin camfin tsofaffi. Tun jiya nake jin muryata tana yi mata wannan tambaya.

Ki gaishe ta, in za ta karɓa.

Ɗanki,
Onkabetse

Maun, 18 ga Agusta

Mma,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta ƙafarki, duk da na san ba ni da bakin tambaya. Wannan takarda ita ce mafi wuya a cikin ukun, kuma sau huɗu ina yaga ta.

Hoton ba shi ne ƙarshen laifina ba. Washegarin da na sa shi, wani mutum ya rubuto wa shafin masauki. Ya ce shi attajiri ne mai son namun daji, zai kama tantuna uku shi da abokansa, amma yana son tabbacin zai ga karkanda. Turancinsa mai kyau ne, ya yaba hoton, ya kira ni manaja. Mma, kalmar nan ta manaja ce ta ci ni. Na amsa masa dalla-dalla. Na gaya masa lokacin da uwar take zuwa ruwa. Sannan, don in nuna masa na san daji, na ƙara da abin da bai ma tambaya ba: cewa akwai babban namiji a tsibirin da ke arewa da mashigin kwalekwale. Bai sake rubutowa ba. Da hankalina ya fara ba ni abin da na yi, sai na goge saƙonnin, na yi shiru kwana goma sha biyar, ina rubuta miki takardar neman bahasi.

An yanke ƙahon uwar, amma namijin yana nan da nasa, kuma ku kuna zaton ba wanda ya san da shi.

Yau da safe na kira Mma Ditiro na gaya mata komai, da sunan da mutumin ya yi amfani da shi. Na shirya wa zagi. Sai na ji tana ba wata umarni a fito da kwalekwale biyu. Sannan ta dawo kaina ta ce, “Na ji. Tsibiri aikina ne. Uwarka kuwa aikinka ce, ba zan ɗaukar maka ba.” Ta kashe waya. Shi ya sa kike karanta wannan da rubutun hannuna.

Ba na neman kujerar ofis, ba na neman a ba ni shafin masauki. Abin da nake roƙo shi ne izinin dawowa in tsaya a gaban matan nan a taronsu na safiyar Litinin, in maimaita abin da na rubuta miki da bakina, ba tare da na gyara ko kalma ɗaya ba. Bayan nan, idan Mma Ditiro tana buƙatar mai ɗaukar jarkar ruwa a bayan masu sintiri, ga ni. Idan ba ta buƙata, motar kaya ta san hanyar Maun.

Ina buƙatar amsarki a rubuce, ta hannun Kedibonye, kafin ranar Juma'a 22 ga wata. Abu biyu nake so ta ƙunsa: ko namijin yana raye, da ko in zo. Na ce a rubuce ne domin idan kika kira ni a waya, Mma, ba zan iya ɗauka ba.

Ɗanki,
Onkabetse