Geron Babana Ya Ƙi Ƙasar Keffi

Gwaggo Zulaihatu, a agaza mini, domin al'amari ya kai intaha.

Ni mutumin ƙasar Daura ne, ma'aikaci a Abuja, wanda tsadar haya ta yi wa korar kare zuwa Angwan Iya a Keffi. Shekarata biyu a nan, ba ni da abokin hira sai wani ƙadangare mai zaman katanga, wanda nake gabatar wa jawabi kowace Asabar, yana gyaɗa kai cikin ladabi.

Bara mahaifina ya rasu. Daga cikin gado na zaɓi kwano ɗaya na irin geronsa. Na naɗa kaina Sarkin Noman Bayan Ɗaki, na yi shuka yadda muke yi a jigawa: a sara, a jefa, a take da dunduniya. Ashe filin laka ne. Ruwa ya kwanta kwana uku, tsiron ya yi rawaya, ya riga mu gidan gaskiya. Na maimaita, ya maimaita.

Maƙwabcina Baba Gamaliel, dattijo manomin doya, ya leƙo zai yi magana, na sanar da shi cewa noma gadona ne tun kaka da kakanni. Tun ranar daga gaisuwa ba ya ƙarawa.

Yanzu irin saura tafi ɗaya. In ya ƙare, ba ni da wani abin mahaifina da zan taɓa da hannuna. In sake gwadawa, ko in rufe shi a kwalba?

Sarkin Noman Bayan Ɗaki, Keffi

Amsar Gwaggo Zulaihatu: Ranka ya daɗe, Allah ya ji ƙan mahaifinka.

Iliminka gaskiya ne, amma na rairayi ne. Ƙasarku tana shanye ruwa nan take, abin da gero ke so ke nan. Laka kuwa riƙe shi take yi, ga damina mai nauyi, shi ya sa kake ganin ana ɗaga kunya da tulin doya a nan. Tsoronka ma yana da hujja, sai dai irin da ya daɗe a kwalba mutuwa yake yi.

Raba shi biyu. Aika rabi gida a shuka a jigawar da ta san shi. Ɗauki rabi ka je ka yi wa Baba Gamaliel sallama, ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa ko geron wane ne. Shi ya san tudun da ruwa ba ya kwanciya. Ban yi maka alkawarin zangarniya ba, ɗana, amma wannan karon kada ka yi shuka kai kaɗai.

Allah ya ba da damina mai albarka.