Sakin da Wendell Bai Sani Ba

Litinin, 3 ga Maris

Gidan kula da tsofaffi sun sake ƙara kuɗi. Dala dubu tara a wata, kai ka ce otal muka kama wa mijina Wendell. Shi kuwa bawan Allah bai ma san inda yake ba. Na gaji.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je wurin lauya. Wai gwamnati ba za ta ɗauki nauyinsa ba sai abin hannunmu ya kusa ƙarewa, har da wanda na tara a aikin jinya don tsufana, tunda dukiyar miji da mata ɗaya ce a wurinsu. Sai ya rage murya: "Madam Lorraine, akwai masu rabuwa a takarda kawai." Na ce, in saki mijina yana kwance? Na ɗauki jakata na fito.

Lahadi, 23 ga Maris

Bayan coci na gaya wa ƙanwarsa Bernadette, ina jiran ta zage ni. Ina! Cewa ta yi, "Ke dai matarmu, taurin kai zai kashe ki. Idan kuɗin suka ƙare, a garejina za ki kwana? Yaya da yana cikin hankalinsa da shi zai tuƙa ki zuwa kotun." Ita ce za ta sa hannu a madadinsa.

Talata, 22 ga Afrilu

Ƙafata ta kumbura. Ban je wurin Wendell ba yau.

Juma'a, 20 ga Yuni

An gama, kotu ta raba aurenmu. Alƙalin ko ɗago kai bai yi ba. Aure tun muna yara, ya tafi kafin shayin da na bari a mota ya huce. Zoben dai yana hannuna, a zo a cire in gani.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kai wa Wendell gasasshiyar masara, ya ci sosai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Baiwar Allah, kina da kirki. Kina da miji?"

Na ce masa babu.

Ya ce, "Kai, maza ba su da ido."

Na yi kuka a mota har na gode Allah. Amma jiya na yi barci har rana ta fito, rabona da haka tun bara. Wannan kam ba zan gaya wa Bernadette ba.