Zuwa Ga Marta, Wadda Ta Shiga Bukkar Da Na Kasa Shiga

Zuwa ga Marta, 'yar mutanen Duwatsun Nuba, mai aiki a ɗakin maganin 'yan Katolika na Umdurman. Gaisuwa mai yawa da ban girma, irin wadda ta kamata in kawo miki da ƙafata tun kina da rai. Bayan haka, ni ne Ilu, Baban Hajo, Bakanen nan mai dogon wuya da ya fi kowa surutu a zangon alhazai.

Ki yi haƙuri da rubutun. Karatuna a Sabbi ya tsaya, shi ma malam ne ya gaji, ba ni na ƙoshi ba. Yanzu ina Makka, a unguwar Tandabawi. Sana'ata ɗaukar tsofaffin da ba sa iya ɗawafi, mu huɗu mu ɗora mutum a kafaɗa mu zagaya da shi. Na zagaya Ɗakin Allah fiye da manyan malamai, sai dai ladan duk na wanda ke sama ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hajo ta haihu, mace. Gobe suna. Mijinta Sa'idu ya yi mini alfarma ya bar mini zaɓi, ita kuwa ta ce ba ta son kowane suna sai na matar da ta yi jinyarta tana ƙarama. To, shekara goma sha bakwai ke nan ina gaya mata cewa wata Hajiya ce, Bafillata, mai yawan azumi, na manta sunanta. Ni da ba na manta sunan jakin maƙwabci.

Kin tuna ranar da kika zo zango da akwatinki na yi wa yara lambar agana? Uwar Hajo ta rasu tun a Wadai, ni kaɗai ke riƙe da ita, tana shekara huɗu. Dattawan zango sun riga sun gaya mana cewa duk wanda Nasara suka tsaga wa dantse sun sa masa alamarsu ke nan, kuma maganin abin lemon tsami ne, a matse a kai tun bai kama ba. Na miƙa miki hannun yarinyar ina washe baki, har da godiya. Kina juya baya na ja ta bayan bukka na matse mata lemo biyu. Ɗaya ma an ce ya isa, amma ni ba na yin wauta rabi da rabi.

Wata biyu a tsakani agana ta kama ta.

Matan zango suka kwashe 'ya'yansu. Aka kafa mata bukka a can gefe, wajen juji. Ni kuwa, ubanta, da sanda nake tura mata ƙwaryar kunu daga bakin ƙofa. Na faɗa yau ne don mutanen Tandabawi da za su ji wannan wasiƙa su san wanda suke kira Alhaji.

Sai ga ki. Kika duba dantsen nata, kika ga ba tabo, kika dube ni. Na shirya ƙarya uku a bakina. Ba ki tambaye ni ko ɗaya ba. Kika tuɓe takalmi kika sunkuya kika shiga.

Kwana goma sha tara kika yi kina zuwa, kina tashi daga aiki ki nufo bukkar. Ke kike wanke ta, ke kike ɗiga mata ruwa a baki da tsumma, ke kika naɗe hannayenta don kada ta ƙwaƙule idonta. Da Hausarki ta koyo kika ce da ni, “Baban Hajo, in ba za ka shigo ba, tsaya a ƙofa ka ba ta dariya. Ni zan ba ta ruwa.” Haka aka raba aikin. Ƙaton mutum ya tsaya a rana yana kukan raƙumi, yana kwaikwayon tafiyar sarkin zango, har wata rana na ji 'yar dariya daga ciki kamar ta ɗan tsako. Ban taɓa samun ladan wasa irin wannan ba.

Duk tsawon kwanakin nan, a wani fasasshen kasko nake ba ki ruwa, na daban, ba na haɗa shi da moɗarmu. Kin gani. Kullum sai ki karɓa da hannu biyu ki ce an gode.

Na sha leƙo ki kin durƙusa a gefen tabarmarta, kina jan carbinki mai ɗan gicciye. Wata rana na yi ta-maza na tambaye ki ko so kike ki mai da mini 'ya Kirista. Kika ce, “So nake ta tashi ta ci tuwo.” Na kuma tambaye ki me ya sa ba kya ƙyama. Kika ce an koya miki duk majinyaci baƙon Allah ne, kuma ba a barin baƙo shi kaɗai a ɗaki. Shekarunki ba su kai ashirin ba a lokacin. Ni mai gemu na koma gefe ina sosa ƙeya.

Hajo ta tashi, da 'yan zanen agana a kumatu da idonta biyu garau.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Kika riƙa bi gida-gida kamar yadda kika saba, har ya same ki, kwana uku ya ɗauke ki. Ranar da za a binne ki, tsofaffin matan zango, musulmi, suka yafa mayafi suka bi gawar daga nesa suna cewa waliyyiya ta tafi. Ni kuwa na tafi kasuwa neman igiya. Ba na bukatar igiya, Marta. Tsoro nake kada a ce an ga Ilu a maƙabartar Nasara alhali yana kan hanyar Makka.

A hajjin bana wani mutumin Umdurman ya ba ni labari cewa har yanzu ana zuwa kabarinki, kuma Fada, limamin cocinku, yana bi yana rubuta shaidar waɗanda suka san ki. Na ce a raina, ga babban shaida nan a Makka ya ɓuya a ƙarƙashin tsofaffi.

Jiya bayan la'asar na je wurin Hajo. Na shiga da wasa kamar kullum, wasan ya ƙi fitowa. Na gaya mata komai, har lemon, har sandar. Ta juya tana kallon jaririyar. Na zaci za ta ce in fita, kuma da ta faɗa da ban ga laifinta ba. Can sai ta ce, “To, tayyib, Baba. Yaya ake faɗin sunan nata?” Na faɗa. Ta maimaita sau uku a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Na je wurin limamin unguwa. Ya ce bai ga haramci a sunan ba, amma in yi tunanin bakin mutane, ga Maryam nan ko Asiya, ba wanda zai ɗaga gira. Gaskiya ya faɗa. Akwai waɗanda gobe za su tashi tun kafin a raba nama, akwai waɗanda za su daina neman kafaɗata a Harami. Na yi tunanin bakin mutane shekara goma sha bakwai, ya ishe su haka.

Al'adarmu a raɗa wa liman suna a kunne shi ya sanar. Na roƙe shi gobe ya bar ni in faɗa da bakina, a tsaye, bayan an karanta wannan takarda. Muryar da ta iya kukan raƙumi ai ba za ta kasa kiran suna ɗaya ba.

Ya ke 'yata Marta, ban isa in ce wa Allah inda zai ajiye ki ba, wannan ya fi ƙarfin mai Sabbi. Abin da na iya shi ne na tsaya a gaban Ɗakinsa na faɗa masa abin da idona ya gani, ban rage ba. Shi ne Mai adalci, ƙwayar zarra ba ta ɓata a wurinsa. Allah ya duba kwana goma sha taran nan. Allah ya raya wannan jaririya, ya ba ta zuciyarki, ya tsare ta da halin kakanta. In kuma ana yafiya daga inda kike, ki yafe mini.

Ni ne wanda ya tsaya a bakin ƙofa,
Ilu Baban Hajo, kakan Marta,
Tandabawi, Makka.