Kalma Ɗaya Na Juya a Kotu, Mutum Yana Kurkuku

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina har na gaji.

Ni ɗalibi ne mai karatun shari'a, gidanmu yana wani gari tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ba ni da yawan magana. Tun ina ƙarami, idan baƙi suka shigo sai in ɗauki littafi in koma bayan rumbu. Abokaina suna ce mini Malam Waƙafi, don ko saƙon waya aka turo mini sai na ga inda aka yi kuskure. Ina jin Fillanci sosai, saboda kakata ta wajen uwa Bafillatana ce, kuma ita ta raine ni.

A hutun damina nakan je wata kotu in zauna a bencin baya, ina kallon yadda ake aiki. Ran nan aka kira ƙarar wani mai ramukan zinari, zan ce masa Alhaji kawai, wanda yayana yake aiki a ƙarƙashinsa, kuma da aikin nan ake ɗora tukunya a gidanmu. Ya yi ƙarar wani makiyayi, in ce masa Sambo, wai shanunsa sun cinye masa gonar gero. Tafintan kotu bai zo ba, Sambo kuwa Hausarsa ba ta wuce ta cinikin kasuwa ba. Alƙali ya ɗago ya ce, “Kai ɗan boko, an ce kana jin Hillanci. Taho nan.” Aka sa na yi alwala na dafa Alƙur'ani cewa abin da na ji shi zan faɗa. Aka karanta ƙara, na mayar wa Sambo, sai ya ce, “Mi nani.” Ma'anarsa na ji. Ji na kunne, ba wani abu ba. Da amsa laifi yake nufi, “mi jaɓi” zai ce, ko yaron da ya taso kusa da ruga ya san bambancin. Bai ma tsaya nan ba, ya ci gaba da cewa shanun da suka shiga gonar ba nasa ba ne, garken surukin Alhaji ne, kuma akwai mata masu tallar nono da suka gani. Alƙali ya katse shi, ya dube ni ya ce, “Mi yac ce? Ya amsa ke nan?” Sai Alhaji ya yi gyaran murya, yana gyara hularsa ya ce, “A'a, ashe ƙanen Bello na! Yaro mai hankali.” Bello shi ne yayan nawa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai harare ni ba, bai ba ni ko sisi ba. Na ji bakina ya ce, “E, ya amsa.”

Wa ya tilasta ni? Wa zan ɗora wa? Ni da nake kwana kan littafi ina ja wa kalma layi da jan biro, ranar da kalma ta zama ran mutum sai na karkatar da ita.

Tunda an ce ya amsa, ba a nemi shaida ba. Aka yanke masa diyyar gona, shanunsa ba su kai ba, aka cike da zaman gidan yari. Nan Alhaji ya miƙe ya ce don Allah ya yafe saniya ɗaya, a bar wa tsohuwar Sambo ta riƙa tatsa. Kotu ta ɗauki kabbara. Har yau a majalisa ana ba da labarin tausayin Alhaji. Na koma makaranta malaminmu yana bayanin adalci da rahama, ina rubutawa. Wace rahama ce a ƙwace wa mutum garke a mayar masa da guda? Ko dai shari'ar da nake haddacewa a littafi kawai take zaune, idan mai ƙarfi ya yi gyaran murya sai ta sunkuyar da kai kamar yadda na yi?

Abin da ya hana ni sukuni shi ne tsohuwar. Ta ɗauka ni na roƙa aka bar mata saniyar. Duk ranar kasuwa sai ta aje mana kindirmo ta ƙi karɓar kuɗi. Idan na zo gida, Inna mahaifiyata takan ce, “Wanga ɗa, mi as same ka? Da kai ka sha kamar maraƙi, yanzu ko kallonai ba ka yi.” Sai in ce cikina ne.

Na duba, har yanzu lokacin ɗaukaka ƙara bai wuce ba, amma ya kusa, kuma babu abin da zai buɗe ta sai in na tsaya na ce na yi ƙarya bayan rantsuwa. In na faɗa, Bello ya bar rami, karatuna wataƙila ya ƙare, kuma ba ni da tabbacin kotun gaba ba ta da nata mai gyaran murya. In na yi shiru, Sambo yana ciki.

Jiya da na zo gida, tsohuwar ta kama hannuna a ƙofar gida. Ta ce ranar Juma'a za ta je wajen Alhaji ta yi masa godiya, ta kuma roƙe shi ya sa baki a sako ɗanta. Ta ce, “Kai za ka raka ni, ɗana. Bakinka na da albarka, abin da na faɗa kai kaɗai na yarda ka mayar.”

Na ce mata to.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?